Awarwaron Jed Ya Ƙi Fita

UMMUHANI: Halo? Salamu alaikum. Halo, Yaya Bahijja?

BAHIJJA: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar autar Inna?

UMMUHANI: Ni ce, Yaya. Ina wuni?

BAHIJJA: Lafiya lau, Ummuhani. Ashe kina da lambata.

UMMUHANI: Kai, Yaya. Ya aiki? Ya Fatakwal?

BAHIJJA: Aiki da godiya. Fatakwal ga ta nan, tun asuba ruwa bai ɗauke ba. Ya Zariya?

UMMUHANI: Mu nan zafi ne kamar a gasa mutum. Tudun Wada yau kwana uku ba wuta.

BAHIJJA: Allah ya kawo sauƙi. Ya maigidan naki, Malam Kailani?

UMMUHANI: Lafiya ƙalau. Yana ƙofar gida, yau Asabar ba makaranta.

BAHIJJA: Ya Inna? Kin leƙa Gyallesu kwanan nan?

UMMUHANI: An ɗan kwana biyu. Amma mun yi waya, ta ce ƙafar da sauƙi.

BAHIJJA: Madalla.

UMMUHANI: Ya gajiya, Yaya?

BAHIJJA: Ba gajiya.

UMMUHANI: Ya aiki?

BAHIJJA: Kin tambaya.

UMMUHANI: Au, haka ne. To ya marasa lafiya?

BAHIJJA: Suna can suna jirana. Ummuhani, minti goma na samu in sa wani abu a bakina, kin cinye uku da gaisuwa. Tun kina ƙarama in kika maimaita gaisuwa, akwai abin da kika fasa. Mene ne?

UMMUHANI: Ban fasa ba! Wallahi bai fashe ba.

BAHIJJA: Mene ne bai fashe ba?

UMMUHANI: Halo? Yaya, muryarki tana yankewa.

BAHIJJA: Muryata ƙalau take. Mene ne bai fashe ba?

UMMUHANI: Dama tambaya ce kawai. Wannan koren awarwaron naki, wanda kika dawo da shi daga karatu a Sin. Ta ina ake buɗe shi?

BAHIJJA: Ba a buɗe shi. Dutse ne guda aka fafe. Kuma yana ƙasan adakar Inna, naɗe a farin ƙyalle, a cikin gwangwani. Me ya haɗa ki da shi?

UMMUHANI: To, gwangwanin dai yana nan.

BAHIJJA: Inna lillahi. Awarwaron fa?

UMMUHANI: Yana hannuna.

BAHIJJA: To ki mayar da shi yau ɗin nan.

UMMUHANI: A'a, Yaya. Ina nufin yana hannuna. A sanye. Ya ƙi fita.

BAHIJJA: Ummuhani!

UMMUHANI: Ki tsaya ki ji. Kin tuna bikin Firdausi? Ankon da aka fitar kore ne, na je wajen Inna neman sarƙa, ina tona adaka na gan shi. Wallahi kamar don leshin aka yi shi. Na ce in sa na yini ɗaya.

BAHIJJA: Bikin Firdausi! Wata biyar ke nan!

UMMUHANI: Da kwana goma.

BAHIJJA: Ba ki tambaye ni ba.

UMMUHANI: Da na tambaya za ki ba ni?

BAHIJJA: A'a.

UMMUHANI: To kin gani.

BAHIJJA: Allah ya shirye ki. Kin ma san ko mene ne a hannunki? Jed ne.

UMMUHANI: Jidda? Ke da kika ce daga Sin kika zo da shi?

BAHIJJA: Ba Jidda ba! Jed!

UMMUHANI: To ai Inna ma da ta je Jidda ta sayo mana irinsa, na ƙarfe dai.

BAHIJJA: Ki matsa kusa da taga! Jed nake cewa. Sunan dutsen ke nan. Kamar yadda muke cewa aƙiƙ ko murjani.

UMMUHANI: Au, suna ne. To ai ni da na kai wa mai sayar da gwal a kasuwa, kallo ɗaya ya yi ya ce ƙarau ne, kwalba ce kawai aka narka.

BAHIJJA: Har kasuwa kika kai shi?

UMMUHANI: Yaya, a hannuna yake. Duk inda na je sai ya je.

BAHIJJA: Mai gwal ya tsaya a gwal ɗinsa. Kwalba tana da wannan nauyin? Ki ɗora shi a kumatunki.

UMMUHANI: Ai shi ya sa ban cire ba tun farko. Sanyi gare shi kamar randa. Da zafin nan in na manna shi a goshi har lumshe ido nake.

BAHIJJA: To ki ɗauko cokali ki ɗan ƙwanƙwasa shi. A hankali!

UMMUHANI: Ga shi. Kin ji?

BAHIJJA: Ban ji ba. Da kamata ya yi ki ji ƙara siririya, mai daɗewa, kamar ƙararrawa.

UMMUHANI: Ni "tus" nake ji.

BAHIJJA: Don ya manne a fatarki ne. Bar shi. Yanzu faɗa mini me da me kuka yi masa.

UMMUHANI: Da farko sabulu. Sai man gyaɗa. Sai man kaɗanya. Sai Ishatu, maƙwabciyata, ta ce ba abin da ya kai kuɓewa santsi. Muka kaɗa ɗanya cikin kwano, na tsoma hannu har gwiwa.

BAHIJJA: Sai ya fita.

UMMUHANI: Ina! Ishatu tana ja, ni ina ja, hannunta ya suɓuce ta zauna daɓas a kan baho.

BAHIJJA: Sai kuma me?

UMMUHANI: Sai ta ce zafi yana buɗa abu, a sa a ruwan zafi.

BAHIJJA: Ruwan zafi ƙara kumbura hannu zai yi! Kuma dutsen ba ya son a tashe shi daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya, yana iya tsagewa ta ciki. Ke da kike koyar da kimiyya a firamare!

UMMUHANI: Aji uku nake koyarwa, Yaya, ba mu zo duwatsu ba.

BAHIJJA: Ci gaba.

UMMUHANI: Bayan kuɓewar sai na ga ya yi dishi-dishi, sai na ɗan goge shi da bilic.

BAHIJJA: Da me?

UMMUHANI: Bilic. Na wanki. Kaɗan.

BAHIJJA: La haula wala ƙuwwata! Abin da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi kawai yake so! Ko turare ba a fesa masa. Ki ce mini ba kya fesa masa turare.

UMMUHANI: Ba fesawa ba. Humra ce.

BAHIJJA: Ummuhani, wallahi da kina kusa...

UMMUHANI: Ai bai yi komai ba! Ƙara kyau ma ya yi. Shi ya sa Ishatu ta tsorata. Ta ce ranar biki korensa fari-fari ne kamar ɗanyar gwanda, yanzu ya koma kamar ganyen zogale bayan ruwa. Ta ce dutsen da ke sauya launi yana da mai shi a ciki, kuma shi ne ya riƙe ni. Har ta ce a kai ni a yi mini ruƙiyya.

BAHIJJA: Ki ce wa Ishatu ta je ta ji da ƙugunta. Maiƙon jikinki ne da gogar yau da gobe suka sa shi ƙyalli. Mutanen can suna cewa jed yana shan rai daga mai sanye da shi, yana ƙara kore in yana son mutum. Magana ce ta tsofaffi, kamar yadda namu suke da nasu. Dutse dutse ne. Shi ke nan abin da kuka yi?

UMMUHANI: Saura na Malam.

BAHIJJA: Kailani ma ya sa hannu?

UMMUHANI: Wuƙa kawai ya ɗan gwada.

BAHIJJA: Wuƙa!

UMMUHANI: Ko ƙwarzane bai yi ba! Bakin wuƙar ne ya dakushe. Sai ya kai ni wajen Gwadabe mai walda, na bakin titi. Shi ma ya gwada zarto, ya yi ta zamewa. Gwadabe ya ce shekararsa ashirin yana yanka ƙarfe bai taɓa ganin abu mai taurin kai irin wannan ba. Ya ce mu dawo yau da la'asar, in an kawo wuta, zai sa injin.

BAHIJJA: Injin yankan ƙarfe. A kan jijiyar hannunki.

UMMUHANI: Ya ce zai sa cokali a ƙasa.

BAHIJJA: Allah na gode maka da ba wuta a Tudun Wada! Ki saurare ni. Dutsen nan cikinsa kamar saƙa yake, zare a kan zare, shi ya sa ba ya tsinkewa da sauƙi. Mutanen da can har gatari suke yi da shi. Amma in ya ci bugu a wuri guda, ko ya faɗi a kan siminti, zai rabe. Kuma in ya rabe ba ni da wani. Kin san wa ya ba ni?

UMMUHANI: Na ɗauka saya kika yi.

BAHIJJA: Da kuɗin ɗaliba? Wata tsohuwa ce, Kaka Ma nake ce mata. Musulma ce, tana sayar da taliya kusa da masallacin unguwarmu. Shekarar farko ban iya yarensu ba, ban san kowa ba, azumi ya same ni cikin sanyin da ban taɓa gani ba. Ta gan ni a bakin masallaci ina shan ruwa da biskit, ta ja hannuna har bayan shagonta. Shekara shida a wajenta nake buɗa-baki. Da na kwanta ciwo ita ta yi jinyata. Ranar da zan taho ta shafa sabulu ta zare shi daga hannunta. Ta ce na mahaifiyarta ne, uwa ke ba 'ya, ita kuwa Allah bai ba ta 'ya mace ba.

UMMUHANI: Wayyo. Yaya, ba ki taɓa faɗa ba.

BAHIJJA: Bara ɗanta ya rubuto mini ta rasu.

UMMUHANI: Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta.

BAHIJJA: Amin. Aikina ba ya barin in sa komai a hannu, shi ya sa na ba Inna ajiya. Na ce nan ne ba mai taɓawa.

UMMUHANI: Ki yi haƙuri. Wallahi da na sani...

BAHIJJA: Bar shi. Yanzu ga abin da za ki yi. Ki ɗaga hannun sama da kanki na minti goma. Ki tsoma shi a ruwan sanyi. Ki zura leda, ki shafa sabulu a kan ledar, ki haɗe babban yatsa da ƙarami, wani ya murza a hankali.

UMMUHANI: Mun yi na leda. Ko ƙashin wuyan hannu ba ya wucewa.

BAHIJJA: Ban gane ba. Hannunki ai ya fi nawa sirantaka. A bikin nan ya kika sa shi?

UMMUHANI: Zuruf ya shige. Har yawo yake.

BAHIJJA: To ƙiba kika yi?

UMMUHANI: Eh to. Kusan haka.

BAHIJJA: Mene ne kusan haka? Tsaya. Kin ce an kwana biyu ba ki je Gyallesu ba. Ke da ba kya kwana uku ba ki je kin cinye wa Inna tuwo ba. Ummuhani, ciki gare ki?

UMMUHANI: Halo? Halo, sabis ɗin nan...

BAHIJJA: Kar ki kuskura! Ina jin numfashinki.

UMMUHANI: Kai, Yaya, ni kunya nake ji.

BAHIJJA: Ni likita ce, kuma ni na goya ki. Wata nawa?

UMMUHANI: Bakwai. Ya ɗan gota.

BAHIJJA: Bakwai! Muna waya kina tambayata ruwan Fatakwal, ashe... Masha Allah. Allah ya raba lafiya. Amma wallahi kin ba ni haushi. Inna ta sani?

UMMUHANI: Ta gane da kanta. Ta ce kar a yi ta yayatawa, na fari ne.

BAHIJJA: Ni ce yayatawa. To. Yaushe hannun ya fara kumbura?

UMMUHANI: Ƙafa dai ta daɗe, Ishatu ta ce kowace mai ciki haka take. Hannun kuwa bai fi sati ba. Zobena ma da ƙyar Malam ya cire.

BAHIJJA: Cikin sati guda? Duka biyun ko mai awarwaron kawai?

UMMUHANI: Duka.

BAHIJJA: Fuskarki fa?

UMMUHANI: Malam yana ta tsokanata wai na zama alkubus.

BAHIJJA: Kanki yana ciwo?

UMMUHANI: Tun shekaranjiya. Zafin gari ne. Na sha magani bai sauka ba.

BAHIJJA: Idonki fa? Kina ganin wani abu?

UMMUHANI: Ya aka yi kika sani? Wasu 'yan ƙyalƙyali kamar ƙwarin fitila. Ɗazu ina tsince shinkafa sai na ga tiren ya zama biyu.

BAHIJJA: Akwai ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ta dama?

UMMUHANI: Ƙwannafi ne. Yaya, mu koma maganar awarwaron, katin wayata...

BAHIJJA: Yaushe rabonki da awo?

UMMUHANI: Wancan watan ban samu zuwa ba, muna jarrabawa. Wannan kuma na ce sai na cire abin nan tukuna, kar su yi mini faɗa.

BAHIJJA: Wata biyu ba awo saboda awarwaro! Akwai abin gwada hawan jini kusa da ku?

UMMUHANI: Akwai na Hajiyar Malam, ta bar shi nan da ta zo. Yana kan firij.

BAHIJJA: Ƙwala wa Kailani kira.

UMMUHANI: Yana cikin mutane, Yaya, ya zan...

BAHIJJA: Ki kira shi ko in kira shi a tasa wayar in faɗa masa abin da bai taɓa ji ba!

UMMUHANI: To, to. Malam! Malam! Don Allah ɗan shigo. Yaya ce. Eh, ta sani. Duka biyun ta sani. Ungo.

KAILANI: Salamu alaikum, Yaya Likita. Ina wuni? Ya aiki? Ya...

BAHIJJA: Lafiya, Malam Kailani, a ajiye gaisuwar. Ɗauko abin awon jinin da ke kan firij.

KAILANI: Wallahi Yaya maganar zarton nan, ni tun farko na ce a fara sanar da ke. Kuma Gwadabe mutum ne mai hankali, ya ce ko gashin hannunta...

BAHIJJA: Ban tambaye ka Gwadabe ba. Ka ɗauko?

KAILANI: Ga shi. Allah ya sa da batir. Akwai.

BAHIJJA: Ta zauna ta jingina, ƙafa a ƙasa. Ka ɗaura a damtsen da ba awarwaro, daidai ƙirji. Ta yi shiru.

KAILANI: Ta ce shinkafarta tana kan wuta.

BAHIJJA: Ta ƙone!

KAILANI: Ta ce ta ƙone. Zauna. Yauwa. Yana hurawa. Yana sauka. Ɗari da sittin da takwas.

BAHIJJA: Na ƙasa fa?

KAILANI: Ɗari da... halo?

BAHIJJA: Na ƙasa! Lamba ta biyu!

KAILANI: Ɗari da sha biyu. Ya yi kyau ko? Hajiya takan kai haka in ta ci gishiri.

BAHIJJA: Hajiya ba ta da cikin wata bakwai. Ka saurare ni da kyau, kuma kar ka firgita ta. Jininta ya hau sosai. Wannan kumburin, da ciwon kan, da abin da take gani, alamu ne na abin da ke kawo jijjiga. Yana iya taɓa ta, yana iya taɓa abin da ke cikin. Ana maganinsa in an je da wuri. Yanzu za ku tafi babban asibitin Shika, ɓangaren masu haihuwa. Ba bayan la'asar ba. Yanzu.

KAILANI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu muna ta fama da dutse. Bari in fito da mashin.

BAHIJJA: Ba mashin ba! In jiri ya ɗebe ta a hanya, wajen Kwangila fa? Ba mai mota a layinku?

KAILANI: Alhaji Yero yana nan, tare muke zaune yanzu.

BAHIJJA: Roƙe shi. Ka ɗauki katin awonta. Ka rubuta lambobin nan biyu a takarda, kana shiga ka miƙa wa ma'aikaciyar farko da ka gani, ka ce ciwon kai kwana uku da gani biyu-biyu. A mota ta kwanta ta gefen hagu. Kar a ba ta wani jiƙo, kar a ba ta maganin Hajiya.

KAILANI: To. To. Awarwaron fa?

BAHIJJA: Yatsa yana shiga ƙarƙashinsa?

KAILANI: Ƙaramin yatsana, da ƙyar.

BAHIJJA: Farcenta bai sauya launi ba?

KAILANI: A'a, yadda yake.

BAHIJJA: To ba shi ne abin gaggawa ba. In kumburin ya sauka zai fita da kansa. In kuma likitocin suka ce ya matse, ko za su shiga da ita tiyata suka ce a cire, a fasa shi. Ka ji? Na ba da izini. Je ka nemo motar, ba ni ita.

UMMUHANI: Yaya, me kika ce masa? Ya fita ba takalmi.

BAHIJJA: Asibiti za ku. Jininki ya hau, suna buƙatar su sauke shi su duba yaron. Sa hijabinki.

UMMUHANI: Yanzu? Ban yi wanka ba. Hannuna duk ƙarnin kuɓewa.

BAHIJJA: Sun ga abin da ya fi kuɓewa.

UMMUHANI: Kuma na ji kina cewa a fasa. Ba za a fasa ba.

BAHIJJA: Ke da kika kai shi wajen mai walda?

UMMUHANI: Lokacin ban san na Kaka Ma ba ne. Matar da ta ciyar da ke shekara shida, ta rasu, abu ɗaya da ta bar miki, ni in zama sanadin... A'a. Gara su bar shi.

BAHIJJA: Ummuhani, kar ki sa in yi ihu a tsakiyar asibitin mutane. Kin san me ta ce mini tana sa mini shi? Ta ce mutanensu sun ce in jed ya fashe a hannun mutum, wata masifa ce ta taho ya tare masa. Sai ta yi dariya ta ce ita dai ta san Allah ne mai tarewa, amma in ya fashe kar in yi kuka, hannu ya fi abin hannu. Da tana nan da kanta za ta ɗauki guduma.

UMMUHANI: To ai kin ga ma...

BAHIJJA: Ban ga komai ba. Kin sa hijabin?

UMMUHANI: Ina nema. Wai ina na... ga shi. Bari in sauke tukunyar nan.

BAHIJJA: Kashe risho kawai ki fita!

UMMUHANI: Na kashe. Yaya.

BAHIJJA: Na'am.

UMMUHANI: Tun safe bai motsa sosai ba. Na ɗauka barci yake.

BAHIJJA: Ki faɗa musu wannan ma, da kin shiga. Suna da abin da za su ji bugun zuciyarsa.

UMMUHANI: Tsoro nake ji.

BAHIJJA: Na sani, auta. Ki saurare ni. Irinki nawa na gani sun shigo da abin da ya fi wannan, sun fita da 'ya'yansu a hannu. Abin da ake so a zo da wuri, kuma ga shi za ki. Zan kira wata abokiyar karatuna da ke aiki a can ta tare ku. Gobe in Allah ya yarda ina hanya.

UMMUHANI: Za ki zo? Aikin fa?

BAHIJJA: Ba ruwanki da aikina. Ki yi ta Hasbunallahu. Wancan hon ɗin motar ne?

UMMUHANI: Eh, Alhaji Yero ne. Ga Ishatu ma ta fito, wai za ta bi mu da tulun rubutu.

BAHIJJA: Ta zo, ta riƙe miki jaka. Tulun ya zauna a gida.

UMMUHANI: Yaya, sun turo saƙo, saura minti ɗaya. Ki yafe mini. Na ɗaukar miki abu ban tambaya ba, na sa masa bilic, na sa masa...

BAHIJJA: Ya isa. Na yafe. Kuma ji nan. Shekara huɗu yana kwance a gwangwani ba wanda ya ji sanyinsa. Na bar miki. In mace kika haifa, ki ajiye mata.

UMMUHANI: Me? Ban ji ba, Malam yana magana. Kin ce me?

BAHIJJA: Na ce na ba ki! Naki ne!

UMMUHANI: Nawa? Har ga Allah?

BAHIJJA: Har ga Allah. Shiga mota.

UMMUHANI: Malam, ka ji, Yaya ta ba ni! To wallahi tunda nawa ne, izininki ya tashi. Ba likitan da zai taɓa mini shi.

BAHIJJA: Ummuhani! Ba haka na ce ba! Ba Kailani wayar! Ki ba shi wayar nan yanzu, na ce ki...